Hukuncin gaggawa a rikicin kuɗin gini

Suna, namiji. Hanya ce da doka ta tanada domin raba gardama tsakanin mai aikin gini da ɗan kwangila, ko tsakanin babban ɗan kwangila da ƙananan da ya ba wani ɓangare na aikin, inda ake kai ƙorafi gaban mai yanke hukunci, wato ƙwararren da ba ya cikin rikicin, kamar injiniya ko lauya ko mai ƙididdigar kuɗin gini. Birtaniya ta kafa tsarin a dokar gine-gine ta 1996, bayan rahoton Michael Latham na 1994, ya fara aiki a 1998, domin jinkirin biya yakan durƙusar da ƙaramin ɗan kwangila wanda ya riga ya sayi siminti da rodi ya kuma biya magina da leburori, tun kafin kotu ta saurare shi. A can kowane ɓangare yana da ikon kai ƙara a kowane lokaci, ana naɗa mai hukunci cikin kwana 7, shi kuma ya yanke hukunci cikin kwana 28, ana iya ƙara kwana 14 idan mai ƙara ya yarda. Dole ne a bi hukuncin nan take, sai dai wanda bai gamsu ba yana iya zuwa kotu ko zaman sasanci daga baya, kuma wannan saurin shi ne babban amfaninsa, ko da yake yakan hana zurfafa bincike. Singafo ta yi irin dokar a 2004, Malesiya a 2012.