Wasiƙun Mazzini da Tsohuwar Al'adar Buɗe Saƙon Mutane

A shekarar 1844 Giuseppe Mazzini, ɗan gwagwarmayar Italiya da ke gudun hijira a Landan, ya fara zargin ana taɓa masa wasiƙu. Sai ya riƙa aika wa kansa saƙo ta gidan waya, yana saka ƙwayoyin yashi da silin gashi a ciki kafin ya buga hatimi. Wasiƙa ta iso, hatimi lafiya lau, amma yashi da gashi sun yi ɓatan dabo. Ashe ministan cikin gida, James Graham, ne ya ba da izini, wani ɓoyayyen ofishi a gidan waya yana buɗewa, ya kwafe, ya mayar da hatimin jabu. Ɗan majalisa Thomas Duncombe ya kai maganar zauren majalisa a watan Yuni, ƙasa ta ɗauka.

Abin da ya fi muni ba karantawar ba ce, inda aka kai labarin ne. Mazzini bai ƙulla wa Ingila komai ba. Ostiriya, mai mulkin wani yanki na arewacin Italiya a lokacin, ita ta roƙa, ita kuma aka tsegunta wa wani abu daga ciki. A watan Yuli aka harbe 'yan'uwa biyu, Attilio da Emilio Bandiera, masu musayar wasiƙa da shi, a garin Cosenza da ke kudancin Italiya, mutane da yawa suka ɗora wa gwamnatin Ingila alhakin jininsu, ita kuwa ta musanta.

Wani zai ce ba gwamnatin da za ta tsare jama'a ido rufe, kuma ƙawance tsakanin ƙasashe sai da musayar sirri. Gaskiya ne, kwamitocin majalisa ma da suka bincika ba su soke ikon ba. Sai dai wanda aka leƙa a gida yana da majalisa da kotu da jarida. Da zarar sirrinsa ya ƙetare iyaka, wa zai kai wa ƙara? Wannan giɓin ne ya sake bayyana a 2013, da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Ingila, GCHQ, ke kwasar saƙonnin intanet daga wayoyin ƙarƙashin teku tana rabawa da takwararta NSA ta Amurka. A 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci cewa tsarin kwasar ya keta haƙƙin sirri, domin ba a nemi amincewar wata hukuma mai zaman kanta kafin a fara ba.