Mafarin Aikin Jarida a Hannun Musulmin Nijeriya ta Arewa a Zamanin Turawa

Gabatarwa

A wannan ɗan bayani zan yi ƙoƙarin amsa wata tambaya da ɗalibai suka sha yi mini, wato shin jaridun farko na ƙasar Hausa namu ne, ko kuwa na Turawa ne da aka rubuta da harshenmu? Amsar tana da muhimmanci, domin da ita za mu san yadda ya kamata mu karanta waɗannan takardu idan muna neman tarihin kakanninmu a cikinsu.

Yadda abin ya faro

Tun kafin zuwan Turawa malamanmu suna rubutu da Larabci da ajami, sai dai kowane littafi da hannu ake kwafarsa. A shekarar 1932 gwamnati ta fara buga Jaridar Nijeriya ta Arewa da Hausa da Larabci da Turanci, amma akasarin abin da ke cikinta sanarwar hukuma ce. Sai a watan Janairu na 1939 aka fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dakta Rupert East, aka kuma naɗa Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara wanda ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina, ya zama edita. Ana sayar da ita kwabo ɗaya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Turawa suka dogara da ita wajen ƙaryata farfagandar Jamus. A 1941 aka ƙara shafuka na ajami mai suna 'Yar Gaskiya saboda waɗanda ba su iya boko ba, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya.

Idan muka dubi Mambasa ta ƙasar Kenya, wadda ita ma Ingilishi ke mulki a lokacin, za mu ga wani tsari daban. A can Shaihu Al-Amin Mazrui ne da kansa ya fara fitar da takardar Sahifa a 1930, sa'an nan jaridar Al-Islah a 1932 da Larabci da Suwahili, yana bin sawun mujallar Al-Manar ta Alƙahira. Shi ne mai jarida, shi ne edita. A nan kuwa injin bugawa da kuɗin takarda duk na gwamnati ne.

Matsayin edita

Duk da haka, a ganina kuskure ne a ce Imam ɗan amshin shata ne kawai. Shi yake zaɓen kalmomin da za a faɗi labari da su, kuma ya buɗe shafin wasiƙu inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka riƙa kawo kukansu, abin da a da ba a iya yi a bainar jama'a. A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugard, ya kuma rubuta masa matsalolin Arewa. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Amma akwai iyakar da ba ya iya tsallakewa, shi ya sa masu zafin ra'ayi irin su Malam Aminu Kano suka riƙa kai rubutunsu jaridun Azikiwe.

Kammalawa

Amsar da nake ba ɗalibai ita ce, mallakar jaridar ta Turawa ce, rubutun da ke ciki kuwa galibi na Musulmin Arewa ne. Saboda haka mai bincike ya karanta labaran yaƙi da sanarwar hukuma da taka-tsantsan, ya kuma mai da hankali ga shafin wasiƙu da sharhin edita, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin magana da bakinsu. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.