Wanda Ya Tsaya Maka

Tun da na ajiye aiki, yaran ɗakin labarai ke tambayata yadda aka yi mai digirin aikin gona daga Samaru ya ƙare a gidan rediyo. Na san inda suka dosa: hanya aka yi mini. Ƙwarai kuwa. Aminin kawuna ne ya ji ni ina yi wa manoma bayanin takin zamani a wajen taro, ya ce in same shi Kaduna. Abin da yaran ba su sani ba shi ne nauyin da mai kai mutum ke ɗauka a wancan zamani.

Wanda ya kawo ka, shi ya tsaya maka. In ka yi kwaɓa ana jin ka a duk Arewa, shi za a kira ofis. Shi ya sa Malam, aminin kawun nawa, Allah ya jiƙansa, bai bari na zauna gaban makirufo ba sai da hannuna ya faɗa a yankan tef. Ka murza shi gaba da baya har ka ji inda numfashin mai magana ya tsaya, ka sa alama, ka yanke da reza, ka liƙe. Guntayen da na cire yakan rataya su a wuya, ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, don ya ga ko na zubar da maganar mutum. Fassarar labarai kuwa, masinja ake karanta wa. In masinjan ya ce "Me ka ce?", an yage takarda ke nan.

Ai ko Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina. Gasar rubutu ta 1933 ce ta haɗa shi da Dokta East, wanda ya ga littafinsa Ruwan Bagaja ya nemo shi Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, lokacin ko jami'a ɗaya babu a Najeriya, balle sashen koyon aikin jarida.

Abin da ke ƙona mini rai yau shi ne takardar manya. Babban mutum ya sa hannu, bai taɓa jin muryar yaron ba, kuma ba wanda zai tuhume shi in yaron ya ɓata labari. Yarinyar ƙarshe da na kai, harhaɗa magunguna ta karanta. Sai da na zaunar da ita tana karanta wa matan gidanmu labarai har suka daina tambaya, sannan na buɗe baki na ce na tsaya mata.