Tenu ta lakwal: daga site zuwa Bukoki

Masu saurarenmu na Assamakka, Arlit da Akokan! Rantire ta zo, teloli ba su barci, kuma gardamar tenu ta sake tashi.

Mu koma baya kaɗan. Tuhwahin lakwal ba daga gare mu suka faro ba. A 1802 Napoleon ya kafa lise a Faransa, ɗalibai na sa kaya irin na soja, da ganga ake tada su. Horo ake nema. Mu kuwa a nan wata bukata ce daban. An kafa Somair a 1968, Cominak a 1974, sai gari ya tashi biyu: site mai ruwan pampo da wuta, da Bukoki mai bukkokin kwali da langa-langa. Ɗan ma'aikacin kamfani da ɗan mai tura baro suka haɗu bisa benci guda. Yadi iri ɗaya ya rufa wa na biyun asiri. Ni kaina na ci moriyar wannan, wallahi, don wandona na gida bai shiga mutane.

To amma tenu ta gyara hali? Ni dai a lise na ga masu tenu tsaf suna tsallake katanga. Abin da take yi shi ne tona asiri: yaro na yawo kasuwa ƙarhe goma, kowa ya san lakwal ɗinsa.

Tun 2014 da zinariya ta ɓulla a Djado da Tchibarakaten, yara maza suka samu wata ƙofa. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta ruhe, gidaje da yawa suka rasa albashi. Yanzu in surbeyan ya kori yaro bakin ƙofa saboda ba shi da tenu, ina kuke zaton zai nufa? Tasha. Daga nan sai karen mota bisa hanyar Assamakka, ko ramin zinariya. Yarinya kuwa talla, ko a fara maganar aure.

Burkina ta mayar da saƙin gida, Faso dan fani, kayan lakwal a 2023, masaƙansu na samu. Mu yadinmu daga waje yake zuwa, uba mai yara biyar kuma sau biyar zai biya.

Diraktoci da ƙungiyar iyaye, a ba yaro wata guda kahin kora, tsofaffin ɗalibai su kawo tenu da suka aje. Ku rubuto mana yadda abin yake a lakwal ɗinku, za mu karanta a shirin dare.