Barin Kwamfuta a Kunne: Nazari a Kan Zafi, Ƙura da Wutar Lantarki a Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba ko barin kwamfuta a kunne dare da rana yana cutar da ita a yankin Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi. Ta gano cewa daɗewar ita kaɗai ba ta da wata babbar illa. Zafi da ƙura da rashin daidaiton wuta su ne ke cin na'urar.

Gabatarwa

Yankin yana cikin ƙasar noman da wani mai bincike, Michael Mortimore, ya nazarta tun shekarun 1960, inda gona ke manne da gona. Yanzu kwamfuta ta shiga gidajen malaman makaranta da na ɗalibai, musamman tun da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Ra'ayi ya kasu biyu kan barin ta a kunne: wasu na ganin yawan kunnawa da kashewa ke gajiyar da ita, wasu na cewa a bar ta ta huta.

Zafi da ƙura

A 2007 injiniyoyin Google uku, Pinheiro da Weber da Barroso, sun bi diddigin faya-fayan ajiyar bayanai sama da 100,000, ba su ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin yawan aiki da lalacewa ba. Sai dai fa waɗancan faya-fayan a ɗakunan da ake sanyayawa suke. Ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, wata duniya ce daban. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanan kafasitar kwamfuta mai ruwan sinadari a ciki. Batirin kwamfutar cinya ma ya fi saurin tsufa idan ya daɗe a cike cikin zafi, wani har ya kumbura ya ɗaga madannai.

Muddin fankar ciki na juyawa, iska take ja, tare da ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka. Duk wanda ya kwance kwamfutar da ta shekara ba a share ba zai tarar ƙura ta dunƙule a bakin fankar kamar audugar rimi, ta toshe mafitar zafi.

Wuta

Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, amma wutar takan sauka ta hau, musamman a daidai lokacin dawowarta ko idan janareto ya yi gargada. Mai sola kuwa lissafi ya ishe shi: kwamfutar tebur mai jan wat 60 tana cin kilowat-awa 1.44 a awa 24, alhali batiri mai bolt 12 da amfiya-awa 100 kilowat-awa 1.2 yake ɗauka, kuma irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa.

Saboda haka, a wannan yanki, in an gama aiki a kashe kwamfutar, a zare ta daga soket, a lulluɓe ta bayan ta huce.