Burtali: Hanyar da Doka Ta Manta da Ita a Ƙasar Rano

Duk matafiyin da ya bar Kano ya nufi kudu, da zarar ya wuce Bunkure zai ga ƙasa ta fara sauya kama: duwatsu na miƙewa, sarari na ƙara faɗi. Nan ce ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda tarihin baka ya laƙaba mata, ita da Kano, sunan sarakunan baba. Wannan sarari na Rano da Kibiya yana da tarihinsa, kuma tarihin ne zai nuna mana dalilin da ya sa yake tsukewa a yau.

A ƙarni na 19, kudancin Kano bakin daga ne. Hare-haren Ningawa sun tilasta wa jama'a cunkusa cikin garuruwa masu ganuwa da gindin duwatsu, aka bar daji mai faɗi tsakanin gari da gari. Tsoro ne ya tsare dajin. Da yaƙi ya kwanta a farkon ƙarni na 20, manoma suka fantsama, sai al'ada ta karɓi aikin tsaron: dagaci da ardo su ne suka san inda burtali ya bi, da mashaya, da makiyayar da fartanya ba ta taɓawa. Hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, ita gada da zomo da zabon daji ke bi idan sahu ya ɗauke.

Daga nan takarda ta shigo. A shekarun 1940 Turawa suka keɓe gandun dajin Kogin Kano, wanda a shekarun 1960 ya zama gandun namun daji na Falgore, a yankin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kudu da Rano da Kibiya. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Amma hankalin hukuma ya fi karkata ga gandu mai iyaka a taswira. Hanyoyin da ke sada shi da sauran ƙasa sun zauna a hannun al'ada.

Sai al'adar ta rasa ƙarfinta. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta shafe fadamu, ta kuma ɗaga darajar ƙasar noman rani. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filaye a hannun gwamna da ƙaramar hukuma. Daga lokacin, filin da ba shi da takarda ya zama tamkar marar mai shi. Burtali ba ya ɓacewa rana ɗaya: bana a ci taku biyu a shuka gyaɗa, baɗi a yanka fuloti a bakin titi, bayan 'yan shekaru a wayi gari katanga ta tare hanya.

Kenya ta ɗanɗana wannan. Gandun namun daji na Nairobi, da aka kafa a 1946, an bar kudancinsa a buɗe domin dabbobi su riƙa fita zuwa filayen Kitengela. Gidaje da shingaye sun cinye yawancin hanyar. Gandun da aka toshe wa ƙofa kurkuku ne.

Tun 2024 masarautar Rano ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Dattawan da suka san inda kowane burtali ya bi suna nan da ransu. Aikin da ke gaban masarautar da ƙananan hukumomin uku shi ne a zaga da su, a auna, a kafa duwatsun iyaka, a shigar cikin kundin gwamnati kafin masu yankan fuloti su iso. Tun ran gini, ran zane.