Asalin Kalmar Kaɗaita a Waƙa

Kalmar kaɗaita daga "ɗaya" ta fito. Hausawa suka gutsure ta suka ce "ɗai", kamar yadda ake cewa ɗai-ɗai. Daga nan aka sami "kaɗai", kaɗai kuma ta haifi kaɗaici da kaɗaita. To, shi kaɗaici na zuciya ne, yana iya kama mutum ko a tsakiyar kasuwa. Kaɗaita kuwa, a bakin manazarta waƙar baka, sana'a ce: makaɗi ya tsaya ba 'yan amshi, ba sanƙira, shi ne da kiɗa, shi ne da waƙa.

Kishiyarta ita ce ƙungiya, irin ta Narambaɗa ko Mamman Shata, inda jagora ke bayarwa yara na karɓa. Mai kaɗaita ba wanda zai karɓe shi ya huta. In ya kai ƙarshen ɗan waƙa, sai ya bar tsirkiya ta amsa, ya ja numfashi, sannan ya ɗora. Haka Ɗanmaraya Jos ya yi ta yi har ya rasu a 2015, da kuntiginsa na gwangwanin kifi mai tsirkiya ɗaya.

Wannan gado har Sudan ya kai. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Da aka gama madatsar Sannar a 1925, noman auduga ya buɗe a yankin Jazira, mahajjata masu tafiyar ƙasa suka yi ta yada zango, ƙauyukan Hausawa suka yawaita. Matafiyi kuwa ba ya ɗaukar tambari da makaɗa goma. Abin da yake iya ratayawa a kafaɗa shi ne gurmi ko kukuma, sai kuma muryar da Allah ya ba shi.

Larabawan Sudan suna ce wa mawaƙi "fannan", mace "fannana". Haka suke kiran A'isha Falatiya, 'yar Hausawa, wadda ta yi suna a Rediyon Omdurman tun shekarun 1940. Aron kalmarsu ba laifi ba ne, amma mu ma muna da tamu.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka ga makaɗi shi da gurminsa, ka ce kaɗaita yake yi, ka kuma koya wa 'ya'yanka kalmar.